SHIGA MAKARANTA DABAN, FITA DA TAKARDA DABAN: DARASI DAGA KWALEJOJIN AL'UMMA NA AMURKA

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ilimi ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a Sabo, Ibadan)



Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, shugaban wannan ƙungiya da sauran 'yan kwamiti, malamanmu, iyayenmu maza da mata, shugabannin kasuwa, 'yan'uwana matasa da ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro gida lafiya.

Kwamitin ilimi ya ɗora mini nauyin in yi magana kafin mu zauna a kan yadda za a kashe kuɗin asusun ilimi na bana. Ni ɗan kasuwa ne, saboda haka da idon ɗan kasuwa zan dubi al'amarin. Duk wanda ya taɓa lodin albasa ko tattasai daga Arewa ya san cewa sayen kaya a gona shi ne mafi sauƙi a cikin harkar. Riba ba ta tabbata sai mota ta iso Sasa an sauke kaya lafiya. Wanda ya zuba dukan jarinsa wajen saye, bai bar na mai da na gyaran taya ba, to kayansa a hanya za su ruɓe. Maganar da zan yi yau ita ce, karatun yaranmu ma haka yake, kuma zan kafa hujja da abin da ya faru a wasu makarantu na ƙasar Amurka da ake kira kwalejojin al'umma.

Wani zai ce, ina ruwanmu da Amurka? Dalili biyu ne. Na farko, su waɗannan makarantu na talakawa ne da 'yan ci-rani da baƙi, kuma a unguwar Bronx ta birnin Niyok, inda Hausawan Gana da Nijar da Nijeriya suke zaune, akwai irinsu guda biyu. Na biyu, mutanen can sun ɗauki shekaru suna ƙidaya wa ya shiga, wa ya fita, me ya hana shi fita. Abin da wani ya sha wahala ya gano, kai ka same shi a ɓagas, ai ba ka ƙi ba.

MECE CE KWALEJIN AL'UMMA?

Makaranta ce ta gaba da sakandare wadda gwamnati ke riƙe da ita, ana yin shekara 2 a sami ƙaramin digiri ko takardar shaidar sana'a. Idan za mu kwatanta da namu, ta fi kama da matakin difloma ta farko a foliteknik, ko kwalejin horar da malamai. A nan ake koyar da aikin nas, da walda, da gyaran wuta, da kanikanci, da aikin kwamfuta, da lissafin kuɗi. Wanda kuma yake son babban digiri, sai ya yi shekara 2 a nan cikin rahusa, ya wuce jami'a ya ƙarasa sauran 2.

Wadda ake ɗauka ita ce ta farko a cikin na gwamnati tana garin Joliet a jihar Illinois. An buɗe ta a 1901 da ɗalibai 6 kacal. Bayan yaƙin duniya na biyu, sojoji suka dawo gida da yawa suna neman karatu, sai a 1947 wani kwamiti da Shugaba Truman ya kafa ya ba da shawarar a baza irin waɗannan makarantu yadda kowa zai sami ɗaya kusa da gidansa. A shekarun 1960 kusan duk mako sai an buɗe sabuwa. Yau akwai kimanin 1,000, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu karatun gaba da sakandare a ƙasar a cikinsu suke. Jihar Kalifoniya kaɗai tana da 116.

Babban abin da ya bambanta su da jami'a shi ne ƙofarsu a buɗe take. Duk wanda ya gama sakandare za a ɗauke shi, ba a yi masa jarrabawar tankaɗe da rairaya. Shi ya sa za ka tarar da direban tasi, da matar aure mai goyo, da tsohon soja, da yaron da ya gama sakandare jiya, duk a aji ɗaya. Wajen biyu cikin uku na ɗaliban ba cikakken lokaci suke karatu ba, domin yawancinsu suna aiki. Yawanci kuma babu ɗakunan kwana, kowa daga gida yake zuwa. Ku riƙe wannan, domin zai dawo mana a gaba.

DAGA INA KUƊIN KE FITOWA?

Murhu ne mai duwatsu uku. Dutse na farko gwamnatin jiha. Na biyu, a jihohi da yawa, harajin gidaje da filaye na yankin da makarantar take. Na uku kuɗin makaranta da ɗalibai ke biya. Ita gwamnatin tarayya, mafi yawan taimakonta ta hannun ɗalibi yake bi, wato tallafin da ake kira Pell, wanda ya samo asali a 1972, ana ba 'ya'yan marasa ƙarfi, kuma ba a biya. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 mafi yawan abin da ɗalibi zai samu dala 7,395 ne.

Kowane dutse a cikin ukun nan yana da tasa matsalar. Harajin gidaje, alal misali, unguwar masu kuɗi ta fi tara shi, ke nan makarantar da ke cikin talakawa, wadda ɗalibanta suka fi bukatar taimako, ita ce ta fi ƙarancin samu. Kuɗin jiha kuwa yana tafiya ne da yanayin kasuwa. Lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye a 2008, mutane suka rasa aiki, suka yi tururuwa zuwa waɗannan kwalejoji don su koyi sabuwar sana'a, har yawan ɗalibai ya kai ƙololuwa wajen 2010. To a daidai wannan lokaci ne jihohi suka rage abin da suke bayarwa, domin su ma harajinsu ya ragu. Baƙi sun cika gida, tukunya ta ragu. Aka ƙara kuɗin makaranta, aka cika ajujuwa, aka dogara da malaman wucin gadi waɗanda ake biya gwargwadon darasin da suka koyar.

Bayan nan sai abin ya juya. Ɗalibai suka riƙa raguwa shekara bayan shekara, sannan annobar korona ta zo a 2020 ta kwashe wajen kashi 10 cikin 100 a shekara ɗaya. Makarantar da ta dogara da kuɗin ɗalibai, idan ɗalibai suka ragu, ai kun san sauran. Sai daga 2023 ne yawan ya fara farfaɗowa.

Akwai ma wuraren da karatun kyauta ne a da. Jami'ar Birnin Niyok, wadda kwalejojin al'umma na birnin ke ƙarƙashinta, ba ta karɓar kuɗin makaranta daga yawancin ɗalibanta sai a 1976 da birnin ya shiga matsin kuɗi. Na Kalifoniya ma kyauta ne har 1984. Wannan ya nuna mana abin da gwamnati ta bayar yau, gobe tana iya janyewa.

Wasu jihohi kuma sun sauya tsarin rabon kuɗi. Maimakon a biya makaranta bisa yawan kawunan da ta ɗauka, sai a biya ta bisa yawan waɗanda suka gama. Jihar Tennessee ta yi haka a 2010, Texas ta bi a 2023. Ga ɗan kasuwa wannan magana ce mai ma'ana, domin ba a biyan direba cikon kuɗinsa sai kaya sun iso. Amma masu lura sun yi gargaɗi: idan ba a yi hattara ba, makaranta za ta fara gudun ɗalibi mai rauni, ta nemi wanda ko ba ita zai gama. Shi ya sa jihohin biyu suka sa ƙarin lada idan wanda ya gama ɗan talaka ne ko babba ne da ya dawo karatu.

TO SU NAWA KE GAMAWA?

A nan gizo ke saƙa. Idan aka bi sawun waɗanda suka fara a kwalejin al'umma har shekara 6, kimanin 4 cikin 10 ne kawai ake samu sun riƙe wata takarda a hannu. Karatun shekara 2 fa ake magana, an ba su shekara 6. Har ila yau, wajen 8 cikin 10 suna shiga ne da burin su kai ga babban digiri, amma waɗanda ke kaiwa cikin shekara 6 ba su wuce 16 cikin 100 ba.

Jama'a, wannan a ƙasar da kuɗin makarantar bai kai na jami'a ko kusa ba. A 2024 matsakaicin kuɗin kwalejin al'umma ga mazaunin yanki kimanin dala 4,000 ne a shekara, na jami'ar jiha kuwa ya haura dala 11,000. Ɗan talaka da ya sami tallafin Pell, sau da yawa tallafin ya biya masa kuɗin makaranta har da saura. To me ya hana shi gamawa?

Amsa ta farko: kuɗin makaranta ɗan ƙaramin yanki ne na abin da karatu ke ci. Idan aka haɗa haya, da abinci, da littattafai, da kuɗin mota, abin yana kaiwa wajen dala 20,000 a shekara. Wato kuɗin makaranta kashi ɗaya ne cikin biyar. Sauran huɗun ɗalibi zai nema da guminsa. Sai ya ƙara awannin aiki, ya rage darussa, shekara 2 ta koma 4, kafin nan mota ta lalace, ko yaro ya kwanta rashin lafiya, ko mai gida ya ƙara kuɗin haya. Sai ya ce bari in huta zango ɗaya in dawo. Da yawa daga wannan hutun ba su dawowa.

Amsa ta biyu: darussan share fage. Tunda kowa ake ɗauka, sai a yi wa sabon ɗalibi gwaji a Turanci da lissafi, idan bai kai ba a tura shi ajin gyara. A wani lokaci wajen biyu cikin uku na sababbin ɗalibai sai sun bi ta nan. Yana biyan kuɗi, yana ɓata zango biyu ko uku, amma ba a lissafa masa waɗannan darussa a cikin digirinsa. Da yawa a nan suke karaya tun ba su taka ajin gaske ba.

Amsa ta uku: rashin jagora. A wasu kwalejojin mai ba da shawara ɗaya ne ga ɗalibai ɗaruruwa, wani wuri har fiye da 1,000. Yaron da babu wanda ya taɓa yin karatu mai zurfi a gidansu, wa zai gaya masa darasin da zai ɗauka da wanda zai bari? Sai ya tara darussa barkatai. Ranar da ya tashi wucewa jami'a a ce wasu ba su karɓu ba. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta a 2017 cewa masu sauya makaranta suna asarar wajen kashi 43 cikin 100 na darussan da suka riga suka ci. Wannan kamar ka biya kuɗin buhu 100 ne, a sauke maka 57.

ABIN DA AKA GWADA

Magani na farko da ya fi jan hankalin 'yan siyasa shi ne a mai da karatun kyauta. Jihar Tennessee ta yi doka a 2014 a zamanin Gwamna Bill Haslam, ɗaliban farko suka shiga a 2015. Jiha na cike abin da ya rage na kuɗin makaranta bayan sauran tallafi, a haɗa yaro da wani babba mai sa ido a kansa, shi kuma ya yi aikin gayya na awa 8 kowane zango. Da ribar cacar jiha suke biya, wannan kam ba hanyarmu ba ce, tsarin kawai muke dubawa. Shugaba Obama ya nemi a yi haka a ƙasa baki ɗaya a 2015, majalisa ba ta amince ba. Shugaba Biden, wanda matarsa ta daɗe tana koyarwa a irin wannan kwaleji, ya sake kawo maganar a 2021, nan ma ta faɗi. Sai jihohi suka ci gaba ɗaya bayan ɗaya, kamar Massachusetts da ta buɗe wa kowa a 2024. Karatu kyauta ya ƙara yawan masu shiga, babu shakka. Amma kun ji lissafin ɗazu: ya ɗauke kashi ɗaya ne, ya bar huɗu.

Magani na biyu bai ci kuɗi sosai ba. Kalifoniya ta yi doka a 2017 cewa a daina tare ɗalibai a ajin gyara sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A sa yaro a ajin gaske kai tsaye, a ƙara masa awannin taimako a gefe. Da aka fara aiki da dokar sosai a 2019, yawan masu cin Turanci da lissafi na matakin jami'a a shekararsu ta farko ya tashi ƙwarai. Ashe da yawa daga waɗanda aka ce ba za su iya ba, hanya aka tsawaita musu.

Magani na uku shi ne na fi so ku saurara da kyau. A 2007 Jami'ar Birnin Niyok ta fara wani shiri mai suna ASAP da ɗalibai dubu ɗaya da 'yan kai. Ga abin da ake ba ɗalibi: a cike masa giɓin kuɗin makaranta, a ba shi katin shiga bas da jirgin ƙasa kyauta, a taimaka masa da littattafai, a haɗa shi da mai ba da shawara wanda a shekarun farko na shirin ɗalibansa ba su wuce 60 zuwa 80 ba. Ga kuma abin da ake nema daga gare shi: ya yi karatu cikakken lokaci, ya riƙa zuwa wurin mai ba shi shawara a kai a kai. Idan bai je ba, babu katin mota na wata mai zuwa. Ka ga an ɗaure taimako da sharaɗi.

Don kada a ce ai masu ƙoƙari aka zaɓa, sai aka kawo wata cibiyar bincike mai suna MDRC. Ta ɗauki ɗalibai kusan 900 masu irin hali ɗaya a kwalejoji 3, aka jefa ƙuri'a, rabi suka shiga shirin, rabi suka bi hanyar da aka saba. Bayan shekara 3, a sakamakon da aka fitar a 2015, kashi 40 cikin 100 na 'yan shirin sun gama, na ɗaya ɓangaren kashi 22. Kusan ninki biyu. Aka sake gwadawa a kwalejoji 3 a jihar Ohio, inda maimakon katin jirgi ake ba ɗalibi katin dala 50 a wata na mai ko cefane. Can ma aka sami 35 a kan 19.

Yanzu ga inda ɗan kasuwa zai gyara zama. Shirin ya fi tsada, domin abin da ake kashewa a kan kowane ɗalibi ya ƙaru da wajen kashi 60 cikin 100. Amma mu yi lissafi. A tsohuwar hanya ka kashe 100, mutum 22 sun gama, kowace takarda ta tsaya maka a 4 da rabi. A sabuwar hanya ka kashe 160, mutum 40 sun gama, kowace takarda ta tsaya a 4. Wanda ya fi kashe kuɗi shi ya fi samun araha. Shi ya sa birnin ya faɗaɗa shirin har ya kai ɗalibai wajen 25,000. Sai dai a Ohio, da kuɗin gwajin ya ƙare, ba dukan kwalejojin ne suka iya ci gaba da shi ba. Magani ya samu, kuɗin saye ya gagara. Wannan ita ce babbar matsalar da har yau ba su warware ba.

Akwai kuma kwalejin garin Amarillo a Texas, wadda ta tambayi ɗalibanta me ke hana su karatu, ta tarar yawancin amsoshin ba na cikin aji ba ne: abinci, haya, kuɗin mota, rainon yara. Sai ta buɗe rumbun abinci da asusun gaggawa wanda ke biyan ƙaramar bukata cikin hanzari, ba tare da dogon cike-cike ba. A 2023 tana cikin biyun da suka ci kyautar Aspen, wadda ake ba kwalejin al'umma da ta fi fice a ƙasar.

Kafin in bar Amurka, ga jan kunne ga masu tunanin tura yaro can saboda sun ji ana cewa akwai araha. Arahar ta mazauna ce. Ɗalibin da ya zo daga waje da bizar karatu yana biyan ninki biyu ko uku, ba shi da rabo a tallafin Pell, sai ya nuna shaidar kuɗin shekara guda kafin a ba shi takarda, kuma doka ta taƙaita masa aikin da zai yi. Duk dillalin da ya ce maka ba haka ba ne, riƙe aljihunka.

INA MUKA TSAYA MU?

Abu ɗaya a tsarinsu ya taɓa ni a matsayina na mazaunin Sabo. A can, ɗan ƙasa ko mai takardar zama, idan ya zauna a jiha yawanci shekara guda, ya zama ɗan gida a wajen biyan kuɗin makaranta. Ba a tambayar garin kakansa. Mu kuwa Sabo tun 1916 take, akwai waɗanda kakanninsu a nan aka haife su, amma a manyan makarantun jihohi da yawa a ƙasar nan kuɗin ɗan asali daban, na baƙo daban. Tallafin karatu na jiha kuma takardar shaidar asali yake bi. Yaro ya je jihar kakanninsa a ce ba a san shi ba, a nan kuma a ce ba ɗan nan ba ne. Ya zama jemage. Wannan magana ce da shugabanninmu za su ci gaba da kai wa hukuma cikin lalama, amma kafin a gyara, nauyin yana wuyanmu.

Akwai dama da ta buɗe. A 2024 gwamnatin tarayya ta fara bayar da rancen karatu ta asusun NELFUND ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, har da foliteknik da kwalejojin ilimi. Babu kuɗin ruwa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, an kuma fara da ba ɗalibi naira 20,000 a wata, biya sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Na tarayya ne, ba ruwansa da wace jiha ka fito. Bashi ne, sai kowane gida ya auna, amma bai kamata a ce yaronmu ya rasa shi don bai ji labari ba ko don babu mai taya shi cike fom. Asusun TETFund kuwa, da ya samo asali daga harajin ilimi na 1993, gine-gine da kayan aiki da horar da malamai yake yi wa makarantu, ba ya sa wa ɗalibi kuɗin mota a aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowa a nan ya san abin da zuwa da dawowa ke ci a wata.

Yaranmu da ke foliteknik da kwalejojin ilimi sun yi kama da waɗancan ɗalibai ƙwarai. Daga gida suke zuwa. Da safe aji, da yamma shago ko rumfa. Da yawansu su ne na farko a gidansu. Ga kuma shekarar koyon aiki tsakanin difloma ta farko da babbar difloma, inda yaro ke ɗanɗana kuɗi ya ga komawa aji ɓata lokaci ne. 'Yan mata kuma aure kan zo a tsakiyar karatu ba a yi maganar ƙarasawa ba. Mu kuma al'adarmu, ranar da yaro ya sami gurbi mu yi murna, mu biya rajistar farko, mu ce mun sauke nauyi. Mun yi lodi, mun bar mota ba mai.

SHAWARWARI GA KWAMITI

Na ɗaya, mu buɗe littafi. Duk yaron da asusu ya taɓa taimaka wa a rubuta sunansa, makarantarsa, shekarar da ya shiga, da inda ya kwana. A taron baɗi sakatare ya karanta mana mutum nawa suka gama. Babu ɗan kasuwar da ke rubuta abin da ya saya kaɗai ya ƙi rubuta abin da ya sayar.

Na biyu, gara mu ɗauki kaɗan mu kai su gaci, da mu yayyafa wa da yawa ba wanda ya jiƙa. Wanda muka ɗauka, mu ɗauke shi har ƙarshe. Na san wannan zai yi wa wasu ɗaci, domin kowa yana da ɗa ko ƙane da yake so a sa. Sai a kafa ƙa'ida a fili, a bi ta ba sani ba sabo.

Na uku, tunda akwai hanyar samun kuɗin makaranta daga tarayya ga wanda ya yarda da ita, mu karkata ƙarfinmu ga kuɗin mota da littattafai, a riƙa bayarwa wata-wata, kada a damƙa gaba ɗaya.

Na huɗu, kowane ɗalibi a haɗa shi da wani yayansa ko yayarsa da suka gama karatu, su gana sau ɗaya a wata, ya nuna sakamakonsa kafin ya karɓi na wata mai zuwa. Muna da malamai da nas-nas da ma'aikata 'ya'yan Sabo, wannan ita ce gudummawar da muke roƙo daga gare su, kuma ba ta cin ko kwabo.

Na biyar, a ware wani abu na gaggawa a hannun mutum biyu amintattu, wanda za su iya fitarwa cikin kwana biyu idan rashin lafiya ko cikon kuɗin jarrabawa na neman tsayar da yaro. Kada a ce sai taron wata ya zagayo.

Na shida, ga 'yan'uwana masu shaguna da iyayen gida: yaron da ke karatu a sassauta masa lokacin jarrabawa. Iyayen 'yan mata kuma, a sa maganar ƙarasa karatu cikin abin da za a daidaita da dangin miji tun kafin a sa rana.

Jama'a, waɗancan mutane da duk dukiyarsu sai da suka gano cewa katin bas da mutum ɗaya mai tambayar "yaya karatu?" suna iya ninka yawan masu gamawa. Na biyun muna da shi a yalwace, domin zumunci shi ne jarin da muka zo da shi garin nan. Na farkon kuma, idan kowace rumfa ta ajiye ɗan abin da ta iya duk mako, ba zai gagare mu ba. Da haka nake roƙon shugaba ya sa waɗannan shawarwari shida a gaban taro, a tattauna su ɗaya bayan ɗaya kafin a raba ko sisi.

 Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.